Daga Ƙofar Mata Zuwa Dala: Birnin da Baƙi Suka Gina

Wanda ya yi sammako ya tsaya a Ƙofar Mata, ya miƙe yamma zuwa Babban Masallacin Juma'a, ya kewaya Gidan Rumfa har Ƙofar Kudu da Gidan Makama, sannan ya juyo arewa ya ratsa Kasuwar Kurmi ya ƙare a kan Dutsen Dala, zai gama tafiyarsa kafin azahar, ko da yana tafe yana tsayawa gaishe-gaishe. 'Yan kilomitoci ne kawai, kuma in ban da hawan dutsen a ƙarshe, hanyar shimfiɗe take, yaro da dattijo duk za su iya. A cikin wannan ɗan taƙi ne aka tara kusan duk abin da ake nuna wa wanda ya ce yana son ganin tsohuwar Kano. An saba gabatar da wuraren nan a matsayin shaidar asali, wato ga abin da kakanni suka kafa tun babu kowa, kowa kuma daga baya ya zo ya tarar. A ganina tarihin wuraren ya saɓa da wannan karatu. Kusan kowane ɗayansu sawun wani baƙo ne da ya zo, aka ba shi masauki, ya kama sana'a, har jikokinsa suka wayi gari su ne 'yan gari. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma Kano ta ɗaukaka ne saboda ta san yadda za ta hana baƙon kirki tafiya.

A marinar Ƙofar Mata ake fara ganin haka, domin sana'ar kanta ba don 'yan birni kaɗai aka yi ta ba. Rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, an shafe cikinsu da laso, wanda ake haɗawa daga katsin da aka kwashe a gindin tsohuwar rijiya aka ƙona. Ana zuba ruwa da toka da baba, a bar su kwanaki su ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya har kumfa ta taso. Marini yakan zauna a bakin rijiya ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗago shi yana kore-kore, ya riƙe shi ya sha iska, a gaban idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi. Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa har ya kai duhun da mai kaya yake so. Daga nan sai wajen mabuga, su ɗora shi a kan gungume su yi ta dukansa da shuni har ya ɗauki ƙyalli. Wa yake sayen wannan baƙin yadi mai walƙiya? Manyan masu sayensa su ne Buzayen Azbin da mutanen sahara, waɗanda rawaninsu da turkuɗin matansu daga ƙasar Kano suke fitowa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tumbutu ta yamma, har ya ƙiyasta abin da ake kaiwa Tumbutu kaɗai da kayan raƙumi 300 a shekara. Marinin da bai taɓa fita ganuwa ba, idonsa yana kan abin da mutumin Agadas yake so.

Daga marina hanya ta miƙe sai masallaci da fada, kuma nan ne sunan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yake cika ko'ina. Shi ya bar tsohon mazaunin sarauta da ke kusa da Dala ya gina sabon gida a kudu, ya faɗaɗa ganuwa ta haɗiye shi, ya kafa Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano. Sai dai Rumfa ya gaji birni ne da baƙi suka riga suka cika. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Yaji, wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da jama'arsa a zamanin Dauda, an buɗe hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja, Fulani kuma sun zo da littattafan tauhidi da na lugga a zamanin Yakubu, mahaifin Rumfa. A zamanin Rumfa kansa, wajejen 1492, Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Malamin ya wuce Katsina da Gawo, amma zuriyar da ake dangantawa da shi tana nan a unguwar Sharifai, tsakanin fada da kasuwa, da sarautarta ta Sidi Fari. Abin lura a aikin Rumfa shi ne ya ɗauki mutanen da suka zo daga gabas da yamma da arewa ya yi musu tsari ɗaya: masallaci guda da za su haɗu ranar Juma'a, kasuwa guda, fada guda da za a kai ƙara.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana ne a lokutan da mulki ya sauya hannu. Da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka kori Sarki Alwali wajejen 1807, sarkin farko na Fulani, Sulaimanu, bai shiga Gidan Rumfa nan da nan ba, domin abokan jihadinsa suna ganin gidan a matsayin alamar mulkin da suka yaƙa. An ruwaito cewa sai da aka nusar da shi cewa wanda bai zauna a gidan ba talakawa ba za su ɗauke shi sarki ba, ya nemi izinin Shehu, sannan ya shiga. Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya ƙara da maido da sarautun Haɓe da kayan sarautarsu, kuma zuriyarsa ce take cikin gidan har yau. Gidan Makama da ke kusa da Ƙofar Kudu shi ma haka ya yi ta karɓar masu zuwa. An ce Rumfa ya zauna a cikinsa tun yana riƙe da sarautar Makama. Da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa garin ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, Turawa sun yi amfani da gidan wajen gudanar da mulkinsu, daga baya wani sashe ya zama makaranta, yau kuma gidan tarihi ne inda ake ajiye da wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Haɓe da Fulani da Turawa kowa ya zo da nasa ikon, amma duk a cikin zaurukan da suka tarar suka zauna.

Mafi ƙarfin hujja ba a manyan gine-gine take ba, tana cikin lungunan da mai tafiya yake ratsawa tsakanin fada da Kurmi da Dala, inda babu allo ko mai gadi. Unguwannin wannan yanki suna ɗauke da rajistar waɗanda suka zo. Akwai Zangon Barebari na mutanen Barno, da Tudun Nufawa na Nufawa masu saƙa da ɗinki, da Ayagi ta Yarbawa, da Agadasawa, da Alfindiki da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka yi gidaje, tun lokacin da Balarabe ake kira Bature. Madabo da Zaitawa da Mandawari suna tuna Wangarawa da malantarsu, Kabara kuma tana tuna malamin da ya zo daga yankin Tumbutu, wanda a cikin zuriyarsa aka sami Shehu Nasiru Kabara. Tsarin iri ɗaya ne: baƙo ya sauka wajen fatoma, in ya ga wurin zama a ba jama'arsa fili, a naɗa musu mai unguwa daga cikinsu, su yi auratayya da maƙwabta, bayan 'yan tsararraki harshen gida ya koma Hausa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja a ƙasar Gana ta yau, duk asalinsu daga waje ne. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, daga Agalawa ya fito, kuma ba wanda zai ce shi ba Bakano ba ne.

Kurmi ita ce ta ba duk waɗannan mutane dalilin zama, kuma abin da ya riƙe ta shi ne amana da aka yi wa doka. Hugh Clapperton, Baturen da ya iso Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma yi mamakin tsarin kasuwar: Sarkin Kasuwa ne yake ba da rumfuna haya, kowace haja da layinta. A nan ya sayi koriyar laima ƙirar Ingila a kan dala uku ta Sifen, bayan ta ƙetaro sahara a bayan raƙumi. Amma abin da ya fi dacewa a tsaya a kai cikin bayaninsa shi ne maganar dillalai. Ya ce kowane ƙunshin riga ko turkuɗi akwai sunan dillalin da ya sayar a rubuce a ciki. In mai saye ya kai kayan Barno ko wani gari mai nisa ya kwance ya tarar da algus, sai ya mayar da su Kano, a nemo dillalin, shi kuma ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya biya. Wannan doka ba ɗan gari take karewa ba, domin shi ya san gidan wanda ya cuce shi. An yi ta ne don mutumin da ya yi tafiyar wata guda, ba shi da dangi a garin, ba ya ma jin harshen sosai. Garin da ya tsare haƙƙin irin wannan mutum, shi fatake za su riƙa komawa kowace rani, har wata shekara wasunsu su ƙi tafiya.

Ko a kan Dala, inda ake cewa nan ne tushen komai, labarin bai canza ba. Masu binciken ƙasa sun gano alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajejen ƙarni na 7, kuma ruwayar gari tana cewa maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna, su ne Abagayawa. Shi kansa Dala da aka sa wa dutsen sunansa, littafin tarihin ya nuna zuwa ya yi daga wata ƙasa ya gina gida a kan dutsen, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe mai kula da tsafin Tsumburbura. Bagauda, wanda ake fara lissafin sarakuna da shi daga 999, daga wajen Daura aka ce ya fito. Jikansa Gijimasu ne ya fara ganuwa, ɗan Gijimasu, Tsaraki, ya kammala. Duk nisan da aka bi da tarihin baya, ba a isa wani zamani da za a ce ga mutanen da suka tsiro daga ƙasa ba, kullum wani ne ya zo ya tarar da wani da shi ma zuwa ya yi.

Mai ja zai iya cewa wannan duk gini ne a kan iska, domin kusan babu abin da mai tafiya zai taɓa da hannunsa yau wanda Rumfa ya gani. Masallacin da ke tsaye da koriyar ƙubbarsa da hasumiyoyinsa biyu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka gina shi, aka gama a farkon shekarun 1950, bayan an rushe na ƙasa. An sake fasalin Kurmi fiye da sau ɗaya, yawancin ƙofofin gari kuma siminti ne aka zuba a gurbin na da. Gaskiya ne, amma wannan ƙorafi ya ɗauki ma'aunin ƙasashen da suke gini da dutse ya ɗora wa masu gini da tubali. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe duk bayan damina, saboda haka tun asali abin da ake gada shi ne wurin da aikin da ake yi a wurin. Sarki yana zaune inda sarki yake zaune fiye da shekara 500, ana ciniki inda aka saba ciniki, hanyar da ta haɗa su kuma ba ta kauce ba. Hujjar da nake kafawa a kan wannan shimfiɗa take, da sunayen unguwanni da zuriyar da ke cikinsu, kuma waɗannan ba su rushe ba.

Wani kuma zai ce shekarun da ake ambata ba abin dogaro ba ne. Littafin tarihin sarakunan a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi, shekarun miladiyya da ake jingina masa kuma lissafin H. R. Palmer ne, wanda ya fassara shi a 1908. Akwai ma wani tsohon rubutu na Wangarawa da kansu wanda ya sa zuwansu a zamanin Rumfa, ba na Yaji ba. Ita ma 1498 da ake ba marinar Ƙofar Mata ruwaya ce. Wannan gyara ne mai amfani, ya kamata duk mai nuna wa mutane gari ya san shi. Sai dai saɓanin a kan yaushe ne, ba a kan ko sun zo ba. Abin da ma ya fi jan hankali shi ne yadda marubutan fada suka ga ya dace su riƙa lissafa zuwan baƙi a cikin abubuwan alfaharin kowane sarki, kamar yadda suke lissafa yaƙoƙin da ya ci. Mutanen da suke ƙyamar baƙo ba sa rubuta tarihinsu haka.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa ba kowane baƙo ne ya shigo Kano da ƙafarsa ba. A cikin Kurmi akwai sashen da ake sayar da bayi, Barth ya ƙiyasta waɗanda ake fitarwa daga Kano da kusan 5,000 a shekara, ban da ɗimbin da ake tsarewa suna noma a gandayen sarki da na attajirai. Audugar da aka saƙa da babar da aka rina da ita, da yawa guminsu ne. Ba a rufe cinikin a kasuwa ba sai da Turawa suka ci garin, bautar kanta kuma ba a haramta ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Babu wata hanyar wanke wannan, kuma cewa wasu bayin sarki sun riƙe manyan muƙamai irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bai rage wa wanda aka raba da iyayensa komai ba. Abin da ya wajaba shi ne a faɗe shi a fili a daidai wurin da ya faru. Amma ko wannan baƙin babi bai rushe maganar ba, ƙara mata nauyi ya yi: jikokin waɗancan mutane suna cikin Kanawan yau, kuma duk wanda yake taƙama da tsarkin asali a birnin nan yana musun wani sashe na jinin garin ne.

Akwai kuma mai cewa in Kano haka take, me ya kawo rikicin 1953 da kashe-kashen 1966 da waɗanda suka biyo baya? Amsar tana wajen ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 ciniki ya koma na gyaɗa, Turawa suka ware wa ma'aikata da 'yan kasuwar kudu Sabon Gari wajejen 1913, suka daɗe suna riƙe da shi a wajen ikon sarki, da kotunsa dabam, Kwarori suka sami nasu yankin, su kuma Turawan suka koma Nasarawa da Bompai. Ba cewa ake yi kafin nan babu wariya ba, domin Fagge ta daɗe tana zangon Buzaye a bayan gari, kuma addini ɗaya ya sauƙaƙa narkewar mutanen Ayagi da Tudun Nufawa. Bambancin shi ne a tsohon tsari zango mataki ne na shiga gari, a sabon tsari kuwa an shata iyaka ne don kada a shiga. Mutum zai iya haihuwar 'ya'ya da jikoki a Sabon Gari ana ce masa baƙo. Ba a ɗora wa Turawa alhakin jinin da 'yan ƙasa suka zubar da hannunsu, amma rikice-rikicen sun fi tsanani ne a daidai inda aka daina amfani da dabarar da ta gina cikin birni.

Wannan karatu yana da abin da yake nema daga masu kula da garin. Tun 2007 ganuwar Kano da Dala da Kurmi da fada suke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, a 2024 kuma hukumar ta karɓi hawan sallar Kano a cikin al'adun da ake tattali. Duk da haka ganuwar da Lugard, jagoran Turawan mulki, ya ba da rahoton cewa kewayenta ya kai mil 11 da ƙofofi 13, yau an cinye yawancinta da gine-gine da ɗibar ƙasa, rijiyoyin marina da dama sun cike, mai tafiya a ƙasa kuma yana kokawa da A Daidaita Sahu a kan ɗan gefen titi. In an tashi gyara, hankali yakan tafi kan fentin ƙofa da katangar fada. Amma in gaskiya ne tarihin Kano a tsakanin wuraren yake, to lungun da ya haɗa Sharifai da Kurmi ya cancanci kulawa kamar Soron Ingila na cikin fada. Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne: gefen hanya da mutum zai taka lafiya, magudanan ruwa masu tsabta, inuwa, da ƙananan alluna da Hausa da ajami a bakin kowace unguwa masu faɗin su wa suka kafa ta, daga ina suka zo, da wace sana'a, har da allo a inda aka sayar da mutane. Waɗanda suka fi bukatar wannan tafiya su ne 'yan makarantar Kano kansu, kafin masu yawon buɗe ido, domin su ne gobe za su yanke hukuncin wanda ya isa a kira ɗan gari, kuma gara su yanke shi suna sane da yadda nasu kakannin suka samu shiga.